Tun Kafin Azumi Ƙafar Ke Ji

Véronique, ma'aikaciyar asibiti, ta ɗaga ƙafar Idrisa ta hagu ta ɗora a kan matashi kamar kayan gadonta. Mairamu na kan benci tana kallo, ranta na tafasa. Tun bara da ɓarin jikin mijinta ya shanye, ya bar teburin namansa a babbar kasuwar Garwa, ba mai taɓa ƙafar nan sai ita. Kullum bayan sallar asuba takan murza ta da man kaɗanya, daga dunduniya har yatsu, ta tambaye shi ko ya ji, ya girgiza kai. Har kaskon ƙosanta ta kife saboda ƙafar nan.

Yau ga baƙin likitoci daga Yawunde sun kifa masa wata hula mai wayoyi, wai tana nuna inda ƙwaƙwalwa ke motsawa in jiki ya ji abu. Véronique ta manna masa wani ɗan ƙarfe a tafin ƙafa, ta danna, abin ya kama karkarwa kamar wayar da ake kira. Nan take wani wuri a hoton kansa da ke allon kwamfuta ya yi ja.

"Baba, ka ji?"

Idrisa ya dubi allon. "Na ji, 'yata."

Mairamu ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Shekara guda tana bin kalmar nan, har tafin hannunta ya yi kanta, yau an miƙa ta ga yarinyar da ko gaisuwa ba ta iya ba, da ƙarfen da bai kai ƙwayar goro ba. Ita da ta tsufa ba ta taɓa kishi da mace ba, ga ta tana kishi da ƙarfe. Ta san abin dariya ne, sanin kuma bai rage mata komai ba.

Ana cikin haka wuta ta ɗauke. Ƙarfen ya yi tsit, hula da kwamfuta kuwa suka ci gaba da aiki da batirinsu. Véronique ta yi tsaki, ta ce kuran ɗin garin nan, wato lantarki, ba shi da alkawari, ta cire ƙarfen. Ƙafar ta zame daga matashin. Mairamu ta yi wuf ta tare ta, don kada yarinyar ta riga ta. Sabo turken wawa: ba ta ma sani ba, babban yatsanta ya shiga murza dunduniyar.

"Mama, kada ki daina," in ji Véronique, idonta na kan allo.

Jan ya dawo, ya ma fi na ɗazu faɗi. Yarinyar ta dubi tsohon tana danne dariya, ta tambaye shi tun yaushe yake jin hannun matarsa. Idrisa ya ƙura wa silin ido kamar mai neman ɓaraka. Da ƙyar ya ce tun kafin azumi.

Mairamu ta ajiye ƙafar a hankali. Ba a tuhumar maigida a gaban sa'ar 'yar cikinsa. Sai da aka sa shi a taksi, suka bar ƙofar asibiti, sannan ta juyo.

"Malam, me na yi maka? Kullum ina tambaya, kullum kana girgiza mini kai."

Ya mai da ido kan 'yan babur ta taga, kunya ta rufe shi.

"In na ce na ji, ai kin gama aikinki," ya ce a hankali. "Sai ki koma wa kaskonki da asuba, ki bar ni da rediyo."

Ta kau da kai. Ta ce to ya sani, gobe ƙosai za ta soya, ƙafa kuma ya kai wa Véronique da ƙarfenta.

Da suka iso bakin kasuwa ta taɓa kafaɗar direba, ta ce ya tsaya. Ta fita tana gyara mayafi, fuskar nan a murtuke, ta nufi layin masu man kaɗanya.