Yatsun Roba a Kasuwar Treichville

Kwana tara ke nan da takardar gayyata ta iso, Rufaida ba ta mayar da amsa ba. Digirin dakta take yi a kan wata roba mai laushi da ake kwaɓawa da garin ƙarfe, in an kusanto mata da maganaɗisu sai ta lanƙwashe kamar yatsa. Da irinta ake son ƙera wa mutum-mutumi hannu. Wata jami'a a Turai ce ta neme ta wata shida, su kuma su turo ɗalibinsu ya zauna a gurbinta. Ranar Juma'a wa'adi zai cika.

Abin da ya riƙe ta mahaifinta ne, Malam Harouna, mahauci a kasuwar Treichville, wanda hannunsa na dama ya shanye tun bara. Ita ke mammatsa masa shi kullum da safe.

Ranar Laraba zama ya gagare ta a gidansu na unguwar Bracodi. Ta buɗe kwamfuta, ta rufe, ta ɗora ruwan shayi ta manta da shi. Can sai ta zari jaka ta hau woro-woro, motar haya, ta ƙetare gada zuwa kasuwar.

Ta tarar da mahaifinta a bayan teburin nama, ƙaninsa na yanka, shi kuwa sai ido. Ta fito da yatsun roba uku da ta haɗa, ta ɗaura masa, ta matso da maganaɗisu. Yatsun suka damƙe lemon tsami. Mahauta suka kewaye su. Ya ce a miƙo masa wuƙa. Wuƙar ta yi tsawon numfashi biyu a hannunsa, sannan ta sulale ƙasa.

Rufaida ta duƙa za ta ɗauka, idonta ya cika.

"Me ya rage musu?" in ji shi.

Ta gaya masa garin ƙarfen ne ba ya jeruwa daidai, na'urar da ke jera shi kuma babu ita a nan.

"Tana can inda suka kira ki?"

"Tana can, Baba. Amma hannunka..."

"Goggonki Zalihatu ba ta da aiki sai surutu. Sai ta zo ta riƙa matsa min."

A tsaye ta rubuta wa jami'ar amsar amincewa a wayarta, sau biyu tana gogewa. Da saƙon ya tafi, sai ta tuna fasfonta ya kusa ƙarewa. Ta kwance yatsun ta cusa a jaka, ta fita neman mota da sauri.