Ginshiƙin da Sarƙa Ta Ci

"Anka ba ta kama ba, Kawu!" Ramazan mai dafa abinci ya ƙwala kira daga goshin jirgi, inda ya jefa ƙugiyar da ke tsayar da shi. "Ciyawa take ja!"

Durmush ya riga ya sani, tun a tafin ƙafarsa ya ji. Shekara arba'in yana riƙe da sitiyari a wannan gaɓa ta garin Kash, ya san iskar la'asar idan ta zo da wasa, ya san ta idan ta zo da niyya. Yau da niyya ta zo. Sun naɗe filafilai, ƙyallayen da iska ke tura jirgi da su, a bakin lungun teku, inji na ta gurnani, amma jirgin sai zamewa yake wajen duwatsu, ga baƙi goma sha biyu daga Jamus a ciki, kowa da hular rana da littafi.

Ƙawanyar ƙarfe biyu hukuma ta kafa a dutse don ɗaure jirage. Ɗaya wani jirgin attajirai ya kama ta tun safe, ɗayar kuwa tsatsa ta cinye ta tun bara. Saura abu ɗaya: farin ginshiƙin da ke tsaye shi kaɗai a bakin kufan tsohon birnin, ƙafarsa cikin ruwa.

"Ɗauki igiya ka shiga kwalekwale," in ji Durmush. "Ginshiƙi."

"Kawu, ka tuna maganar Erdal."

"Na ce ginshiƙi, mai ƙona kifi! Ko in tafi da kaina?"

Erdal shi ne mai jirgin. Tun farkon lokacin baƙi ya ce wa Durmush ƙorafi ɗaya tak, ya ajiye makulli, akwai wani mai takardar makaranta da ke jiran kujerar. Durmush kuwa ya san abin da tudu ke yi wa irinsa: shagon shayi, kujerar roba, da sauraren sanarwar jana'iza daga hasumiyar masallaci.

Ramazan ya zarga igiya, ta faɗa daidai cikin wani kwarmi da ya kewaye gindin dutsen. Jirgi ya ja, ya girgiza, ya tsaya cak.

Tolga, matashin da ke yi wa baƙi jagora, ya taso da gudu yana riƙe da tabarau.

"Kawu Durmush, ka haukace? Kayan tarihi ne fa! Shekara dubu biyu!"

"To ya saba da tsayuwa ke nan. Ba yau zai faɗi ba."

"Ka ga dattijon nan mai farin gemu? Farfesa ne. Ya ɗauki hoto. Ya ce sai ya kai ƙara."

"Ka tambaye shi ko ya iya iyo."

"Ni dai zan kira Erdal, kada abin ya shafe ni."

"Kira shi, ɗan ƙanena. Ka gaishe shi da sanyin ofis."

Ba a jima ba wayar Durmush ta yi ƙara. Erdal bai ko yi sallama ba. Ya ce in iska ta kwanta ya dawo da jirgi, gobe ya kwashe tsummokaransa.

Durmush ya zauna, Ramazan ya miƙo masa shayi a ɗan kofin gilashi. Durmush ya zuba wa ginshiƙin ido. Wannan kwarmin, ya san wanda ya yi shi. Kakansa da mahaifinsa masu nutso ne, soso suke cirowa daga ƙarƙashin teku, nan ne masaukinsu duk lokacin zafi. Da sarƙa suke ɗaurewa, don igiya tsada take a lokacin. Sarƙar ta yi ta goga dutsen har shekara sittin. A gindin ginshiƙin nan aka kwantar da mahaifinsa ranar da ya fito daga zurfi da gaggawa, ciwon masu nutso ya kama shi, ƙafafunsa suka mutu. Babu littafin da ya rubuta wannan. Babu wanda ya ɗauki hoto.

Baƙin suka sauka yawon kufai, tun da dai ba tafiya. Suka hau matakalan tsohon dandalin wasa, suka leƙa kaburburan dutse, suna ta jinjina wa mutanen da ba su bar ko jika ba. Farfesa kuwa ya nufi ginshiƙi don ya ga ɓarnar da igiya ta yi. Ya naɗe wando, ya shiga ruwa, ya tsuguna. Ya daɗe a tsugune. Sai ya ciro abin awo daga aljihu. Daga nan ya fara ɗaga hannu yana kiran jama'arsa kamar wanda ya tsinci zinariya.

Tolga ya dawo a kwalekwale tare da shi, bakinsa har kunne.

"Kawu, mahaifiyarka ta yi maka addu'a. Farfesa ya ce shekara talatin ana gardama a kan inda tsohuwar tashar jiragen birnin nan take. Ya ce wannan kwarmin shaidar igiyoyin jiragen Rumawa ne. Ba don ka ɗaura a wurin ba, da bai duba ba."

Ramazan ya yi tari, ya shige wurin tukwanensa.

"Ya ce ya janye ƙara," Tolga ya ci gaba. "Har Erdal zai kira ya yabe ka. Abu ɗaya yake so ya ji daga bakinka, tun da kai ɗan ƙasa ne: mutanen nan ba sa ɗaure jirgi a jikinsa, ko? Haka kuka taso kuka same shi?"

Farfesan ya buɗe littafi, alƙalami a hannu, idanunsa na ƙyalli kamar na yaro ranar salla. Ba mugun mutum ba ne. Wannan ya fi ƙona wa Durmush rai.

Ya dubi kwarmin. Ya dubi sitiyarin da tafinsa ya goge har ya yi santsi.

"Kawu, yana jira."

"Mu?" in ji Durmush. "Mu su wa? Masunta ne mu, jahilai. Ina mu ina cin dutse. Ka ce masa haka muka same shi."

Tolga ya fassara. Farfesa ya rubuta, ya kama hannun Durmush da hannu biyu yana girgizawa. Ya nemi sunansa, aka faɗa masa, ya rubuta shi ba daidai ba.

Iska ta faɗi gab da magariba. Suna ɗaga filafilai waya ta sake ƙara.

"Kawu Durmush!" Muryar Erdal kamar an zuba mata zuma. "Kai ma ka san zafin rai irin nawa. Ka manta da maganar ɗazu. Saurara, daga gobe wannan lungun ya shiga tsarin tafiyarmu, kowane rukuni sai an kai shi. Tashar Rumawa! Kai za ka riƙa nuna musu da hannunka, sun fi yarda da tsoho. Ka haddace abin da Farfesa ya faɗa, ka ji?"

"Na ji."

"Sau nawa za ka iya zuwa a mako?"

Durmush ya juya sitiyari, jirgi ya ba kufai baya.

"Uku," ya ce.