Ranar Haihuwar Libarbar Kaka Hester

…kuma wai in zauna. "Zauna nan, Mama, Saja na zuwa." Mama! Mamarki tana gida, yarinya. Ni Malama Kinnane ce, Dulcie Kinnane, rabin mutanen garin nan a gabana suka koyi rubuta sunansu. Ragowar rabin ma sun zo, kan ne dai bai ɗauka ba. Benci mai gurguwar ƙafa. Fanka tana kwashe zafi daga wannan lungu tana juye shi a wancan. Ƙudaje. Ofishin 'yan sanda ke nan, inda ake yanke wa mutane hukunci, an rasa mai goge taga.

Da ƙafata na kawo ta, abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. Ba wanda ya kama ni. Yayana Clem ya rasu, na je kwashe ɗakinsa, sai ga libarbar kakarmu Hester a ƙasan akwati, naɗe cikin rigar matashi. Da wata ce, da ta mayar ta rufe ta ja bakinta. Ni kuwa, uwar masu bin doka, na rungumo ta kamar jaririya na zo tambaya. Tambaya kawai, sai suka riƙe ta! Tsuntsun da ya ja ruwa…

Dokar ma ba ta da wuya, ɗan aji huɗu ya karanta ta. Bindigar da aka ƙera kafin 1901, wadda an daina sayar da harsashinta, kayan tarihi ce. Wadda ta zo bayan haka, sai lasisi, sai shiga ƙungiyar maharba — ni, da wannan gwiwar? — in ba haka ba motar Juma'a ta kwashe ta zuwa birni a niƙe ta da sauran tarkace. Yau Laraba. Magana ɗaya ce tak: yaushe aka ƙera ta? Kuma wa suka kira ya faɗa musu?

Trevor Blumke. Trevor! Wanda ya shekara biyu a bencin baya yana taunar abin goge rubutu. Yanzu ya yi tumbi, ya buɗe shagon bindigogi kusa da gidan mai, ya zama masani. Masani! Ya zo da littafinsa mai kauri, ya juya ta, ya leƙa lambar da ke gindin mariƙi, ya lashi yatsa — har yau yana lasar yatsa kafin ya buɗe shafi — ya ja shi ƙasa-ƙasa yana motsa baki. "1911, Malama."

"Trevor, wane shafi kake karantawa?"

"Na lambobi mana."

Na lambobi. Ikon Allah. Kamfanin da ya ƙera ta, can Amurka, duk ƙirar da ya fito da ita sabuwa sai ya koma kan lamba ɗaya ya fara daga farko. Lamba guda tana iya zama a jikin bindiga uku, kowacce da zamaninta. Sai ka san ƙirar tukuna kafin ka nemi shekara. Tamu mai karyewa ta sama ce, a karya ta kamar sanda, kwanson harsashi su zubo. Shi kuwa yana duba jerin masu buɗewa ta gefe. Kamar a ce duk yaron da ya taɓa zama na bakwai a rajistata mutum ɗaya ne. Da na nuna masa, kunnuwansa suka yi ja, ya juya, ya juya, ya samu. "To, 1904. Ai duk ɗaya ne, Malama, ta dai makara."

Ta makara… Daga bakin wanda bai taɓa riga ƙararrawa shiga aji ba.

Yarinyar nan mai karɓar baƙi tana cin fanken nama a kan takardun mutane. Romo na ɗiga. Wataƙila takardata ce.

Ba ta makara ba. Na ari littafin nan a laburare, na karanta shi tun daga bango, har da gabatarwar da ba mai karantawa. Me aka rubuta a saman jerin? Ranar da ta bar masana'anta. Ta bar! Ba ranar ƙira ba. Kuma marubucin da kansa ya faɗa: gangar jikin wannan ƙirar duk an ƙera su, an buga musu lamba, kafin 1899. Kasuwa ta juya musu baya, suka zauna a kan kanta shekara da shekaru ana fitar da su ɗaya-ɗaya. To yaushe aka haife ta? Yaran rugagen tumaki sai sun kai tara, goma, ake kawo mini su, kogi ya hana, nisa ya hana, uba na bukatar hannu lokacin askin tumaki. In rubuta cewa ranar da suka taka ƙofar makaranta aka haife su? In ce wa yaro mai gashin baki, barka da zuwa duniya? Na faɗa wa Trevor. Na faɗa wa Saja. Na rubuta musu, da layi a ƙarƙashin kalmar. Suka dube ni irin kallon da ake wa tsohuwa mai neman kyanwarta.

Lambar tana gindin mariƙi, tana kan bututu, tana bayan gidan harsashi, duk iri ɗaya, ba a taɓa sauya mata ko ƙusa ba — kuma hannunta, hannun Kaka, jijiyoyi kamar saiwar itace, tana buɗe gwangwanin shayi. Ba shayi a ciki, harsasai ne. Ina da shekara bakwai. Fari ya kai inda hankaki ke cire wa tunkiya ido tun tana numfashi. Goɗiyarmu Biddy ta kafe a laka a bakin tafkin da ya ƙafe, ƙafa ta karye, tana kuka irin na mutum. Maza duk sun tafi da garke neman ciyawa. Kaka ta karya bindigar, ta sa ɗaya, ta mayar, ƙaf. "Toshe kunnenki, 'yar nan, amma kada ki rufe ido. Abin da kika kiwata, ke za ki sallame shi, ba a aika bare." Ta shafa goshin Biddy tukuna, tana mata magana ƙasa-ƙasa. Sau ɗaya. Aku suka tashi daga itatuwa fari fat kamar an yayyaga takarda. Muka koma gida ta gasa burodi a toka, ta shafa mini zuma…

Wannan za su jefa cikin injin niƙa. Tare da bindigogin 'yan fashi da na mashaya. Saboda Trevor Blumke bai iya karanta kan jeri ba.

Ba alfarma nake roƙo ba. A gyara, shi ke nan. A soke 1904, a rubuta daidai, a sa hannu, a miƙo mini abata, wani kuma ya buɗe baki ya ce an yi kuskure. Wuya gare shi? Yaro ɗan shekara shida yana iyawa. Kuskure ba abin kunya ba ne, a zauna a kansa kamar kaza a kan ƙwai ne abin…

Ga shi nan. Saja Petrakis, da makullai a ƙugu suna kacau-kacau kamar akuyar da aka rataya wa ƙararrawa. Wannan ba ɗan garin nan ba ne, ban koyar da shi ba, ga alama ma. Trevor na bayansa, hula a hannu. Murmushi suke. In maza biyu suka zo wa mace da murmushi, sun riga sun gama magana a waje.

"Malama, mun samo mafita. Trevor zai toshe bututun da walda, ya kashe kunamar, kyauta. In ta zama ba ta harbi, ki tafi da abarki yau ɗin nan. Kowa ya huta."

"In kuma na ɗaukaka ƙara?"

"Ki ɗaukaka. Amma ita ba za ta jira amsa a nan ba, Juma'a za ta bi mota. Abin da ya shiga can kuwa…" Ya buɗe tafin hannu.

"Ai ba harbi za ki yi ba, Malama," in ji Trevor. "Ko kin so ma, ina harsashin? Sai dai ki jefi mutum da ita, kamar yadda kike jifanmu da alli."

Ban taɓa kuskure ka ba kuwa.

Walda. A cusa mata narkakken ƙarfe a maƙogwaro, a daskarar da ita, ba ta ƙara karyewa ta ce ƙaf. A ba ni gawa in ɗora a kan kabad kusa da hoton aure. Kuma gaskiyarsa — abin haushin ke nan — ba harbi zan yi ba. Wa zan harba? Harsashin ƙarshe ya tafi tun ina 'yar makaranta. Clem ya ajiye ta rabin rayuwarsa bai ko shafa mata mai ba. 'Yata da ke birni ta ce kada in kuskura in bar mata wannan abu.

Takarda. Ya turo ta gabana, ya ɗora biro. Rubutun Trevor ne, har yau huɗunsa kamar kujerar da ta faɗi. Shekarar ƙira: 1904. Layin sa hannuna yana ƙarƙashinta daidai. In sa sunana a ƙarƙashin amsar da ba daidai ba, ni, Dulcie Kinnane, in tafi gida da ita a jaka, makauniya, bebiya, amma tawa. Ko in ƙi, in fita da gaskiyata tsaf, ba ko ƙwarzane, ita kuma jibi…

Kaka, ke da kika ce ba a aika bare. To wanne ne sallamar? In miƙa ta ga Trevor da hannuna, ko in bar ta ta tafi da ranta? Ba ki faɗa mini wannan ba.

Wai ma me na zo karɓa? Ita? Ko kuwa in ji wani ya ce, Malama, kin yi daidai? In da za su faɗa, yanzu, ko da ƙasa-ƙasa, sannan su niƙe ta — da na… a'a. Da na ƙi. Da na ƙi mana. Ko?

Biron ya yi nauyi. Gwiwar nan. Su biyu a tsaye a kaina, hannu a baya, suna leƙen takarda, suna jiran su ga abin da zan rubuta. Haka nake tsayuwa a kan yara. Ashe haka inuwar take daga ƙasa…

"Malama?"

Ina zuwa. Ku ɗan matsa, kun tare mini haske.