Indararon Inna Atika

Ga ta nan gare ku, jikokina. Kun ce ta zo ku ji ta, to ku matso.

"Miƙo tulun mana, Saratu." Kulu ungozoma ce ke kirana daga kan soro, ta ci ɗamara kamar mai shirin dambe. Lokacin ina amarya, jirgin ƙasa bai daɗe da fara zuwa Zariya ba, gidajen Tudun Wada ma ba su da yawa.

Maƙwabciyarmu Inna Atika, tun haihuwarta ta ƙarshe fitsari ke maƙale mata. Shekara da shekaru tana lallaɓa abinta: ta zauna cikin ruwan ɗumi, ta danna mara da tafin hannu, ta miƙe ta sake tsugunawa. Amma takan ce ba abin da ke sakinta kamar ƙarar indararo da damina.

Wannan karon bazara ce, ciwo ya kwantar da ita, kwana biyu ko ɗigo babu. Mararta ta kumbura tim. Aka tsiyaya ruwan buta cikin tasa, ta ce, "Wannan ai wasan yara ne." Shi ne Kulu ta ce a yi mata damina.

Mijinta Malam Gwadabe magini ne, shi ya yi rufin da hannunsa. Ya ce, "Ku mata, soron ƙasa ne fa. Za ku jiƙa mini azara."

Daga ɗaki Inna ta ce, "Malam, da ni da azarar, wa ka fara aura?"

Sai ya je ya riƙe tsani.

Matan unguwa muka jeru tun daga rijiya, tulu na bin tulu. Indararo ya fara ɗiga, sannan ya ɓarke shaa a bakin ƙofarta, ita kuwa tana ciki an tallabe ta a kan kasko. A tulu na sha ɗaya muka ji dariyarta.

"Kulu, kada ki tsaya. Ya zo."

Na rangaɗa guɗa, Malam ya saki tsani ya ɗaga hannuwa sama, Kulu na ta yi masa tsiya wai zai bar ta a soro.

Ranar Inna ta yi alwala da kanta, ta sha kunu. Kwana uku muna hawa safe da yamma. Ran na huɗu da hantsi Allah ya karɓi abinsa, cikinta a sake.

Malam ya koma wurin 'yarsa a Hanwa. Kulu ta yi shekara bakwai a duniya bayan Inna. Ni kuwa watan rasuwar Inna bai ƙare ba na gane ina da cikin babanku.