Kaboyi a Ƙasa Mai Rana Biyu

Hamman ya fara kallon fim ɗin kaboyi tun yana saurayi, lokacin da yake raka shanun mahaifinsa daga Baturiya zuwa kara, kasuwar shanu, a Kano. In an gama ciniki manya suka tafi masauki, shi sai ya sulale silima. Ba ya jin Turanci sai 'yan kalmomin da ya tsinta a can, amma ya san doki, ya san saniya, ya kuma san kamannin mutumin da ya yini a rana yana bin garke. Da ya manyanta ya bar kiwo ya zauna a Haɗeja yana dillancin shanu, son nan bai bar shi ba. Matarsa Kulu ta sha yi masa tsiya cewa kaboyin nasa ba makiyaya ba ne, don kullum a guje suke kora shanu kamar waɗanda suka sato.

Da ya haura saba'in sai yanar ido ta fara rufe masa gani, har ta kai ba ya bambanta fuska sai dai inuwa. Ya daina zuwa kasuwa, ya koma zaman tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida. Likita ya ce aiki ne mai sauƙi, amma Hamman ya ƙi. Wani amininsa ya taɓa zuwa wurin mai maganin gargajiya aka taɓa masa ido da allura, ya dawo ko hasken rana ba ya gani. Tun daga nan Hamman ya ce ƙarfe ba zai kusanci idonsa ba, ko a hannun wa yake. Kulu ta yi lallashi, ta yi fushi, duk a banza.

A tsakiyar damina ɗansu Misbahu ya zo daga Kano, ya zuba wani dogon fim a wayar mahaifiyarsa. Ya ce na kaboyi ne, amma na wata duniya can cikin taurari, kuma bai samu mai fassarar Hausa ba. Hamman ya ce me makaho zai yi da fim. Washegari bayan la'asar Kulu ta jawo kujerarta kusa da tabarmarsa, ta jingina wayar a jikin buta, ta kunna.

Ta ce, "Ga wani nan da malfa irin taka, yana kan doki."

"Wane irin doki ne yake ƙara kamar injin ban-ruwa?"

Ta matso da fuskarta ta duba da kyau. "Wallahi Malam, ba shi da ƙafa. Ƙarfe ne, a iska yake tafiya, bai taɓa ƙasa ba."

Hamman ya gyara zama. Ya tambaye ta sirdi fa, ta ce akwai. Linzami fa, ta ce wani abu ne kamar kan babur. Da ta ce masa rana biyu ce a sama, ɗaya ja ɗaya fara, ya ce ta goge gilashin wayar tukuna. Ta goge, suna nan su biyu. Garken kuwa dabbobi ne masu ƙafa shida, da tozo, da ƙaho ɗaya a goshi. Ya daɗe yana yi mata tambayoyi a kansu, har da ko suna tuƙa.

Haka suka raba aiki: ita ido, shi kunne. Ita ta faɗi abin da ta gani, shi ya faɗi ɗan abin da ya kama na magana, su haɗa su ƙulla labari. Sunayen mutanen sun yi mata wuya sai ta raɗa musu nata. Jarumin ya zama Ɗan Malfa. Tsohon da yake jagorantar garken ya zama Arɗo. Mugun kuwa Sarkin Rijiya, don shi ya kama rijiya ɗaya tak da ke ƙasar, ya sa mutanen ƙarfe suna gadi da bindigogi masu fitar da wuta kamar walƙiya. Kaɗan kaɗan suke kallo, gwargwadon cajin da 'yar solar gidan ta bayar, domin hadari ne kusan kullum.

A lokacin kogi ya cika ya fara barazana ga gari. Maza suna wucewa ta ƙofar gida da buhunan ƙasa zuwa jinga, ana ta labarin gonakin shinkafar da ruwa ya shanye a wajen Miga. Kulu ta ce da akwai hanya da ta aika wa su Arɗo rabin wannan ruwa a huta da faɗa. Hamman ya yi dariyar da ta daɗe ba ta ji ya yi ba. Ya koma tambayarta tun da hantsi ko wayar ta cika. Wata rana ma sun yi musu sosai, ita ta ce wata yarinya da ke sayar da abinci a fim ɗin son Ɗan Malfa take yi, shi ya ce daga muryarta kawai ka san 'yar leƙen asirin Sarkin Rijiya ce. Da gaskiya ta fito ta Kulu ce daidai, ya ce wayar ce ba ta fitar da murya da kyau.

Can tsakiyar fim aka yi artabu a bakin rijiya, wutar bindiga ta haske fuskar Arɗo, ya makance. Kulu ta faɗa masa a hankali. Hamman ya ce ta ci gaba. Suka bi tsohon ana jan sa da sanda a bayan garke, yana gane dabbobinsa da kukansu. Washegari kuwa Kulu tana kallo ta ga Arɗo ya kwanta a gindin wani dutse bai sake tashi ba. Ta ga Ɗan Malfa ya cire malfarsa, ana jera duwatsu a kan kabari.

Ta dubi mijinta, ya karkato kunne yana jira. Sai ta ji bakinta yana cewa wani jirgi ya sauko daga sama, wata likita ta fito da farar riga, ta kwantar da Arɗo ta taɓa masa ido da wani ɗan ƙarfe siriri, ko zafi bai ji ba. Ta ce ga shi nan ya tashi yana ƙirga dabbobinsa.

Hamman ya ce, "To kukan da nake ji fa?"

Ta ce, "Na murna ne."

Ya gyaɗa kai. Ta kashe wayar ta ce caji ya ƙare, alhali da saura, kuma ba ta sake kawo zancen fim ba don tsoron ya tambayi Arɗo. Shi ma bai nema ba. Bayan 'yan kwanaki, tana ba shi kunu da safe, ya ce ta kira Misbahu ta ce masa ya nemo ranar aikin nan.

Sai da ruwa ya janye hanya ta buɗe sannan aka yi masa ido ɗaya, na dama. Da aka kwance bandejin ya daɗe yana kallon Kulu, sannan ya ce ashe ta yi furfura haka ba wanda ya gaya masa. Ta ce shi ya ba ta ita.

Da likita ya ba shi izinin kallo, ya karɓi wayar da kansa ya sa Kulu ta mayar masa daga farko. Ita sai ta tsiri aiki a madafi, tana tankaɗe garin da ta riga ta tankaɗe. Ta ji ƙarar dokin ƙarfe, ta ji artabun rijiya, daga baya ta ji kiɗa mai sanyi na wurin kabarin Arɗo. Sai ya kira ta.

Ta fito tana goge hannu a zani, ta tsaya daga nesa.

Ya ce, "Na nemi likitarki ban gan ta ba."

"Malam, ai..."

"Tun ranar na sani, Kulu. Na binne mutane da yawa, na san yadda dutse yake ƙara a kan dutse. Kuma ba a yi wa mai murna irin wannan kiɗa."

Ta tambaye shi to me ya sa ya yarda aka yi aikin. Ya ce duk zamansu bai taɓa jin ta shirya ƙarya ta tafi daidai ba, ko ta cinikin gyaɗa, amma ranar ta ƙera jirgi da likita da farar riga ba ta yi tuntuɓe ba. Ya ce a nan ya gane tsoron da take ji ya fi nasa, kunya ta kama shi. Kulu ta zauna a kujerarta, ta ja gefen mayafi ta goge ido, ta ce hayaƙin madafi ne.

Suka ƙarasa ragowar tare, wanda ba wanda ya taɓa gani a cikinsu. An kori Sarkin Rijiya, garke ya sha ruwa. Yarinyar nan ta dafa abinci ta shimfiɗa, amma Ɗan Malfa ya hau dokinsa ya nufi inda ranakun biyu suke faɗuwa, ko loma bai kai baki ba. Kulu ta ji haushi ƙwarai. Hamman ya ce ai haka kaboyi suke yi tun asali. Ta ce rashin tarbiyya ne, ko a wace duniya aka yi shi.

Rana ta yi sanyi. Hamman ya ce yana so ya taka zuwa jinga ya ga abin da ruwa ya bari, ko za ta raka shi. Ta ce tuwo yana kan wuta. Ya ce ba sauri yake yi ba, ya sa takalmansa ya zauna a bakin ƙofa yana jiran ta.