Ranar da Kalolaine Ta Ƙi Gyaɗa Kai

"Kin dai gane ko, Anti?" in ji Nerida mai kemis, tana turo wa Kalolaine kwalbar magani, idonta tuni ya koma kan na bayanta a layi.

Shekara da shekaru Kalolaine tana shan wannan tambaya a kemis ɗin unguwarsu a garin Logan, inda suka yi ƙaura, kuma kullum sai ta gyaɗa kai ta ɗauki ledarta. Haka aka rene su a ƙasarsu Tonga, in mai ilimi ya yi magana ba a sa shi ya maimaita. Amma wannan kwalbar ta maƙwabcinta ce, tsoho Siosaia, wanda ciwon daji ya gama cinyewa, ya kuma rantse ba zai mutu a gadon asibiti ba. Nas ta ce zai zauna a gida muddin akwai mai auna masa maganin kashe raɗaɗi, in babu, motar asibiti za ta zo ta ɗauke shi. 'Ya'yansa suna can nesa a birnin Auckland, ita kaɗai gare shi.

"Ban gane ba," ta ce.

A gefe akwai wani mutumin jami'a da aka turo ya duba ko masu kemis na yin bayanin da jama'a za su fahimta. Tun safe kowa ce masa yake lafiya lau, har ya fara hamma. Ya rufe bakinsa.

Nerida ta sake zuba bayanin da gudu. "Ai duk an rubuta a jiki."

"'Yata, da takardar tana magana, me zai tsayar da ni? Sake."

"Haba Mama, wasunmu aiki za mu!" wani ya ce daga layi.

"To ka tafi mana. Na riƙe maka wando ne?"

Kunya ta kama ta kamar ta nutse a ƙasa, amma ta dafa tebur ta ƙi gusawa.

Nerida ta dube ta sosai, sannan ta zagayo da kofin ruwa da sirinji marar allura. "Zuƙo mu gani."

Kalolaine ta zuƙo, ta zarce ma'auni. Ta zubar, ta sake, ta kuma sakewa, har hannunta ya saba. Nerida ta naɗa jan salatef a jikin sirinjin, daidai inda za ta tsaya.

Sai a lokacin Kalolaine ta faɗi abin da ke cin ranta. "In na ba shi ya yi barci bai tashi ba, ni na kashe shi?"

"A'a, Anti. In kin tsaya a jan nan, ciwon ne, ba ke ba."

Kalolaine ta ɗauki ledarta ta fita.

A gida Siosaia ya buɗe ido da ƙyar. "Kin daɗe. Na ce ko kin je kiran masu motar ne."

"Tsoho mai rigima. Buɗe baki."

Motar ba ta taɓa tsayawa a ƙofarsa ba. Ya cika ranar wata Lahadi da la'asar, a kan tabarmarsa a baranda, fuskarsa na kallon gwazar da ya shuka, matan coci zaune kewaye da shi suna waƙa da harshen gida. Kalolaine ce ta fara lura ƙirjinsa ya tsaya. Ta ci gaba da yi masa fifita har waƙar ta ƙare.