Randar Ƙarshe ta Mama Lidiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mun gyara.

Can bayan Bagama, kusa da Suleja, akwai wata tsohuwa, Mama Lidiya, mai ginin randa. Ruwan randarta sanyi ƙalau ko da tsakiyar bazara. Amma fa ba ta yarda a ɗauke ta tana aiki. Da ta hango masu kyamara sai ta rufe yumɓu da buhu, ta shige ɗaki abinta.

To, sai ga Zuwaira, mai shirya fim irin na rayuwar mutane, ba na wasan kwaikwayo ba. Ta ji cewa idon tsohuwa ya fara hazo, daga wannan rani ta bar gini. In ba a ɗauka bana ba, shi ke nan.

Sati uku tana zuwa daga masaukinta na unguwar Kurmin Sarki a Suleja, ba kyamara. Ta ɗebo ruwa, ta taka yumɓu har dugaduganta suka tsage. Ran nan tsohuwa ta ce, "Ke 'yar Abuja, gobe kawo abin nan naki."

Washegari Zuwaira ta kafa kyamara bisa ƙafafunta uku. Ashe Mama ba ta juya randa. Randa na nan zaune, ita ke zagaya ta a duƙe, da baya da baya. Da Zuwaira ta duba abin da ta ɗauka, sai ta riƙe baki.

"Me kika samu?" in ji tsohuwa.

"Wallahi Mama, zaninki kawai."

Tsohuwa ta yi dariya har da tari. "Shekara sittin ina zagaye, ke kin dasa ƙarfe kina jira in kawo miki hannuna? Saura randa ɗaya. Kama gefen zanina."

Zuwaira ta ɗauki kyamara a hannu, ta duƙa, suka yi ta zagaye tare. Sau biyu jiri na ɗibar ta, ba ta saki ba. A nan ta kamo hannayen nan, ɗaya ciki ɗaya waje, suna jan yumɓu sama a hankali, bakin randa na fitowa sumul, tsohuwa kuwa ko kallo ba ta yi.

Fim ya fito, an nuna shi a Suleja da Abuja. Mama Lidiya ta bar gini, ta koma wurin ɗanta Timoti a Sabon Wuse. Zuwaira ta yi kwana huɗu tana jinyar baya, sannan ta koma bakin aikinta.